Kofin Azurfa Daga Darrasa

Darrasa, Alƙahira
Fabrairu 2012

Yaya Maman,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Hawwa da yara. Yaya idon Baba? Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyin bana ya bar mini, shi ma ya yi sauƙi. Tunda Baba ba ya jin magana ta waya, na ga gara in koma wa takarda, ka riƙa karanta masa. Hajiya Zeinabu mai safarar abaya ta ce za ta riƙa kai mana tana kawowa.

Na samu wurin da nake zuwa bayan darasi. Shagon tsofaffin kayan azurfa ne a wani lungu bayan masallacin Husaini, na wani dattijo da ake kira Usta Fikri. Wucewa nake yi na tsaya ina kallon yadda yake riƙe magagari, ya ɗago ya tambaye ni abin da nake so. Na ce masa ni ɗan maƙeran fari ne daga Damagaram. Ya ce, "Yalla, goge wannan mu gani." Tun daga ranar guga nake yi. Guga kawai, Yaya, ko guduma bai bari na taɓa ba.

Amma da ka ga abin da nake gogewa! Farantai, butocin shayi, cokula masu sunayen mutanen da suka mutu tun ba a haifi Baba ba. Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne kofunan gasa na zamanin Turawa, waɗanda ake bai wa wanda ya ci tseren doki ko na kwalekwale a kogin Nilu. Akwai wani mai hannu biyu, tsayinsa ya kai kamu guda. An bugo furanninsa daga ciki har sun taso kamar ka tsinka, wannan shi suke kira bariz. Zanen da aka yanka ya nutse kuma ga'ir. Bakinsa kunya-kunya ne kamar gonar da aka yi wa huɗa, cikinsa an shafe da ruwan zinariya. A gindinsa akwai damga, wato tambarin da ke shaidar azurfar: wani ɗan zaki ne ƙanƙane yana tafiya, ƙafa ɗaya a sama. Usta ya ce in ka ga zakin nan, azurfar Ingila ce ta gaske, jan ƙarfen da ke cikinta bai wuce abin da zai riƙe ta ba.

Na nuna masa zoben da ka yi mini. Ya daɗe yana juya shi ƙarƙashin gilashinsa, sannan ya ce, "Wannan hannu bai taɓa shiga makaranta ba." Ga Hajiya tsaye a kaina tana sauri, sauran sai a takarda ta gaba.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Abdurrahim


Damagaram
Afrilu 2012

Abdurrahim,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya, sai zafi da ya shigo da ƙarfinsa. Idon Baba na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu yana ganin inuwa-inuwa. Likita ya ce a yi aiki, Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Inna tana takawa da sanda.

Na karanta masa kamar yadda ka ce. Na karanta da safe, na karanta bayan la'asar, da Baffa Harun ya zo na sake. Yanzu duk wanda ya shigo maƙera, ko gyaran ɗan kunne ya kawo, sai Baba ya ce, "Maman, ajiye wannan, ɗauko takardar Masar." In bar aiki a wuta, in wanke hannu kada in ɓata maka takarda, in tsaya ina karanta bariz da ga'ir. Har ya haddace. Jiya na gama awarwaron amaryar gidan Sharhabilu, na miƙa masa ya shafa kamar yadda ya saba, sai ya ce, "Wannan bariz ne ko ga'ir?" Tun kakanmu muke wannan aiki ba mu san yana da suna ba. Ashe sai an raɗa wa abu sunan Larabci yake zama gwaninta.

Wurin da ka ce guga kawai kake yi, shi ma na karanta. Baba ya yi dariya ya ce, "Ka ji ɗan halak, ba ya yabon kansa."

Sai maganar zobe. Ka gaya wa Ustan naka ya yi gaskiya. Hannun bai yi makaranta ba, don shekarar da aka kai ka lakwal karatun boko, ita aka cire ni daga aji aka ajiye ni gaban zuga-zugi. In kai ka manta, ni ban manta ba. Wannan layin ban karanta wa Baba ba, tsallake shi na yi. Ban gane abin da ya sa ka ɗauki abin da na yi maka ka kai wa baƙo ya auna ba, ban kuma gane abin da ya sa ka ga ya dace ka rubuto mini hukuncinsa ba. In zoben yana ba ka kunya, ka ba Hajiya ta dawo da shi in narkar.

Allah ya ba da sa'ar karatu, in har ana yinsa.

Yayanka,
Maman


Darrasa
Yuni 2012

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina nan lafiya, muna tsakiyar jarrabawa, gari kuma ya cika da hayaniyar zaɓe, ko'ina ka juya gardama ake yi. Allah ya ƙara wa Baba da Inna sauƙi.

Wallahi ba haka ba ne. Laifina ne da na yanke maganar a tsakiya. Abin da Usta ya ce shi ne hannun bai shiga makaranta ba, shi ya sa ba wanda ya lalata shi. Ya tambaye ni da me ka yi zanen, na ce da ƙusar da ka wasa da kanka. Sai da ya sa na cire zoben ya kai wa maƙwabcinsa mai aikin shiftishi, wato saƙar zaren azurfa irin wadda muke yi wa 'yan kunnen amare, suka yi ta kallo su biyu. Ni kuwa ina tsaye da tsumma a hannu. Watanni ina masa aiki bai taɓa kallon abin da na yi haka ba.

Kana cewa an ajiye ka gaban zuga-zugi. Ni fa? Ka tuna ranar da na ɗauki guduma na lotsa munduwar wata mata, Baba ya karɓe ya ce, "Tashi ka ɗauki littafinka, hannunka na malamai ne." Kowa ya ɗauka yabo ne. Ni na san kora ce. Kai yake miƙa wa aiki, aikinka yake shafawa har yau. Ni tun da na zo duniya bai taɓa shafa wani abu da na yi ba. Yanzu ina ƙasar mutane ina goge aikin matattu, farcena baƙi ƙirin da man guga, in na fita yara su bi ni da "ya samara" saboda baƙar fatata, in koma ɗaki in ci wake da gurasa. Kai kana inuwa ɗaya da shi, kana jin tarinsa, kana zuba masa shayi, kana ƙorafin an sa ka karatun takarda. Da ana musanya da tuni na ba ka Alƙahira da jami'arta da kofunanta, ka ba ni buzun da kake zama a kai.

Zoben yana hannuna, ba kuma zan cire ba. Ka karanta wa Baba wannan takardar duka, kada ka tsallake komai.

Abdurrahim


Damagaram
Maris 2013

Abdurrahim,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Hawwa ta sauka, an samu mace, sunanta Mardiya. Baba ya daina fita masallacin Juma'a, sai dai a zaunar da shi a maƙera ya saurari ƙarar guduma.

Na daɗe ban rubuto ba, don ban ga abin da zan ce ba. Takardarka ta ƙarshe gaisuwar kawai na karanta masa. Gyaran da ka yi wa maganar Ustanka na gani. Kowa ya iya ɗinke magana bayan ta yage.

Aike ne ya sa na ɗauki alƙalami. Alhaji Ɗanmalam mai motocin haya ya shirya gasar ƙwallo tsakanin unguwannin gari, yana son kofin azurfa na gaske, wanda za a riƙa karɓa shekara-shekara. Wurina ya zo tukuna. Na zana masa a takarda ya ce ya yi, har na fara tattara tsofaffin mundaye da zan narkar. Ban taɓa yin abu mai girma haka ba, na kwana biyu ina lissafin yadda zan tayar da cikinsa. Ranar da ya dawo mu ƙarasa magana, Baba yana zaune. Sai kawai ya ce, "Alhaji, kofi kake so? Ai ina da ɗa a Masar, cikin kofuna yake kwana. Maman gwanin awarwaro ne, kada a ɗora masa abin da bai saba ba." A gaban mutane. Alhaji ya dube ni, na dubi wuta.

To, ga saƙon. Ka samo musu kofi, a rubuta sunan gasar a jiki: Gasar Unguwannin Damagaram. Sauran magana tsakanin Alhaji da Hajiya Zeinabu ne, babu ruwana. Za a yi wasan ƙarshe bayan an gama girbi. Takardar da na zana kuma na hura wuta da ita.

Maman


Darrasa
Oktoba 2013

Yaya Maman,

Assalamu alaikum. Barka da samun Mardiya, Allah ya raya ta. Ni lafiya, alhamdu lillahi, amma mun ga abin da muka gani. Na san kun ji a rediyo. An sa dokar hana fita, unguwarmu sojoji ta ko'ina, wasu ɗaliban sun tattara sun koma unguwar Hayyin Ashir wurin 'yan'uwa, Hajiya ma ba ta shigo ba sai yanzu. Kada ka ɗauki shiruna da wata manufa.

Abin da Baba ya yi maka bai yi mini daɗi ba. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta "ina da ɗa a Masar" sai da na maimaita layin. Amma na san ba ni yake yabo ba, wani ne ya ƙera a ransa ya sa masa sunana.

Kasuwa ta mutu a nan. Baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, sai ka wuni a lungunmu ba wanda ya leƙo. Usta Fikri ya fara sayar da kaya wa masu narkarwa, a ɗora a sikeli kamar albasa. Da idona na ga an take wata butar shayi mai ganyen inabi da ƙafa don ta shiga tukunya. Usta ya juya baya ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri, ban san ko da ni yake ba ko da butar. Kofin nan mai hannu biyu da na ba ka labari yana cikin waɗanda za a kai. Na ce a bar wa Alhaji shi.

A gabansa akwai wani fili zagaye da ganye, suna kiransa hartusha, nan ake rubuta sunan gasa. Da sunan wasu Turawa ne da suka ci tseren kwalekwale. Usta ya kankare ya goge, sannan ya miƙo mini alƙalamin ƙarfe, karo na farko, ya ce, "Garinku ne, kai za ka rubuta." Na yi ta gwaji a kan farantin jan ƙarfe har yatsana ya yi kanta. Layin ba ya miƙewa, Yaya. Baƙaƙen suna fita kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Usta ya ce shi zai yi, na ce a'a.

Na aiko maka shi filin babu komai. Kai za ka rubuta. Aikin naka ne tun farko, kuma ni ban iya ba. Sai dai ka kula, wurin ya yi siriri saboda kankarar da aka yi, in ka danna da ƙarfi zai huje.

Ka gaida Baba, ka ce ya sa mini albarka.

Ƙaninka,
Abdurrahim


Damagaram
Nuwamba 2013

Abdurrahim,

Mun gode Allah da ya tsare ka. Muna lafiya.

Kofi ya iso. Na buɗe shi ni kaɗai a ɗaki, na daɗe ina kallo. Ban taɓa ganin aiki irinsa ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Na kuma gane abin da ka yi. Ka zaɓo wanda ya fi kowanne kyau, ka sa an kankare wurin har ya koma kamar ɓawon albasa, ka ce ga fili ga mai doki. In na huje shi, gari ya ce Maman ya ɓata kayan Masar. In ban huje ba, a jera ƙusata kusa da aikin Turawa a yi dariya. Kai kuma ko ta yaya ka fita da sunan mai ladabi, wanda ya bar wa yayansa.

Zan rubuta, don lokaci ya ƙure. Ban gaya wa Baba ya iso ba. Sai na gama zan kai masa, ya shafa, sannan in gaya masa da bakina wanda ya yi.

Maman


Darrasa
Janairu 2014

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu haƙuri. Ɗalibai 'yan ƙasarmu sun taru a ɗakina an yi masa addu'a, Usta ma ya rufe shago ya zo.

Rahina ce ta kira ni. Ƙanwarmu, ba kai ba. Ina cikin mota a kan gadar Azhar ta gaya mini, har an dawo daga maƙabarta. Na kira ka ban san iyaka ba, ba ka ɗauka. Kai ka riƙe kansa, kai ka yi masa wanka, kai ka shiga kabarinsa. Ni ko muryarsa ta ƙarshe ban ji ba. Wannan ma bai ishe ka ba, sai ka hana ni jin labarin daga bakinka?

Sannan Baffa Harun ya kira yana sa mini albarka, wai Baba ya bar mini uwar maƙerar kakanmu da kuke dukan aiki a kai, da akwatin kayan aikinsa, saboda rubutun da na yi a jikin kofi. Wane rubutu? Ban gyara masa ba, don ban san abin da ka faɗa musu ba. Don girman Allah ka rubuto mini abin da ya faru.

Abdurrahim


Damagaram
Maris 2014

Abdurrahim,

Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya jiƙansa. Inna tana nan da sauƙi, ta fara cin abinci. Ban ɗauki wayarka ba don na san muryata ba za ta fita ba. A takarda zan iya.

Na rubuta kofin. Na cika cikinsa da danƙo don wurin ya samu abin jingina, na wasa ƙusa sabuwa, na riƙa yi kaɗan-kaɗan da hantsi in Baba ya shiga gida, ina riƙe numfashi. Bai huje ba. Na yi sunan gasar da boko a sama, da ajami a ƙasa, na ja wutsiyar baƙin ƙarshe ta zagaye su. Da na gama na san ban taɓa yin abu kamarsa ba, kuma ba lalle in sake ba.

Ranar na kira Alhaji Ɗanmalam da Baffa Harun, don ina son a yi a gaban mutane kamar yadda aka yi mini wancan a gaban mutane. Bayan azahar ne, a zaure. Na ɗora wa Baba kofin a cinya na ce, "Ga saƙon Masar." Ya bi hannayen da yatsa, ya bi bakin, ya bi furannin nan ya ce, "Bariz," aka yi dariya. Sai yatsansa ya faɗa kan rubutun. Ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake komawa. Ya sa farce cikin layin yana bi a hankali har ƙarshen wutsiyar.

Sai ya ce, "Wannan ba Bature ba ne. Wannan hannun gidanmu ne. Harun, zo ka ji, hannun mahaifinmu ne sak." Na buɗe baki. Kafin in yi magana ya ce, "Ashe Abdurrahim aka bai wa. Ni da na kore shi daga maƙera. Allah na gode maka da ka nuna mini kafin in tafi."

Yana kuka, Abdurrahim. Ka taɓa ganin hawayen Baba? Ni ban taɓa ba, ko ranar da aka binne yayanmu. Alhaji yana ta kabbara. Ni ina durƙushe, maganar tana bakina, na kasa. In na faɗa, na ƙwace masa abin da yake kuka a kai. Nan take ya ce su shaida, uwar maƙera da akwati naka ne. Ya lalubo kafaɗata ya dafa ya ce, "Maman zai riƙe masa amana, shi mai haƙuri ne."

Mai haƙuri. Abin da na samu ke nan.

Na ce gobe zan gaya masa in mun keɓe. Goben ya tashi da zazzaɓi. Na ce in ya warware. Bai warware ba. Cikin ciwon yakan ce a kawo masa kofin, in je gidan Alhaji in aro, ya rungume yana shafa wurin yana kiran sunanka, ni ina riƙe masa gindin kada ya faɗi.

Tun ina yaro nake miƙa masa aikina yana shafawa. Ko dai bai taɓa sanin hannuna ba, ko kuwa bai taɓa zaton zan kai nan ba. Ka zaɓa mini ɗaya, kai ne malami.

Ban yi wa kowa ƙarya ba. Shiru kawai na yi. Kayanka suna nan.

Maman


Darrasa
Afrilu 2014

Yaya Maman,

Sallama. Ina lafiya. Ka gaida Inna, ka ce ina nan tafe in an gama jarrabawar ƙarshe, in sha Allahu.

Na karanta takardarka a shago, na kasa ci gaba da aiki, Usta ya ce in tafi gida.

Na kira Baffa Harun na gaya masa komai: cewa kofin fili babu rubutu ya bar Alƙahira, Hajiya Zeinabu shaida ce, ita ta naɗe shi. Na kuma gaya masa a shari'a kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta faɗi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ba ni da haƙƙi a kan uwar maƙerar nan fiye da kowa, kuma rabona na bar maka.

Ba zan zaɓa maka ko ɗaya ba. Abin da na sani, yatsansa a kan aikinka ya tsaya, a kan aikinka ya yi kuka. Kana ganin an ƙwace maka. Ni kuma an yabe ni sau ɗaya a duniya, a kan abin da ban iya ba, kuma ba na wurin. Da za a tambaye ni, da na zaɓi in zama wanda ya riƙe gindin kofin.

Ƙaninka,
Abdurrahim


Damagaram
Yuni 2014

Abdurrahim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwan shuka. Inna ta ce ka taho mata da man zafin nan na ƙafa.

Wa ya aike ka? Baffa bai iya riƙe magana ba, kafin magariba gari ya ɗauka. Yanzu mutane suna shigowa maƙera suna cewa ashe kai ne, ashe kai ne, har da waɗanda suke zaune ranar da Baba ya ce ni gwanin awarwaro ne. Alhaji ya zo da kansa ya ba ni hannu. Me zan yi da su? Wanda nake so ya ji ba ya nan.

Littattafanka kuma ka riƙe abinka. Ni ban san kyauta ta faɗi ba, na san dai abin da ya fito daga bakin mahaifina a gaban shaidu. Ba zan karɓa daga hannunka abin da shi ya hana ni ba. Na naɗe uwar maƙerar da buhu na ajiye a ɗakin Inna. Na samo guntun ƙarfen mota ina aiki a kai, yana yi. In ka dawo ka kwance kayanka ka zauna. Maƙerar tana da faɗi. Ban ce maka raina ya wanke ba, in na gan ka a wurin zan ji abin da zan ji. Amma ka dawo.

Sai wata magana. 'Yan unguwar Birni ne suka ci gasar. Sun zaga gari da kofin a kan babur, sun sha kunu a ciki, rannan wajen wani biki suka sake fitowa da shi ya kuɓuce musu ya daki dutse. Rubutun bai taɓu ba, amma gefe ɗaya ya lotsa, daidai kan babban furen nan da ke kusa da hannu. Sun kawo mini. Wuyan kofin ya yi ƙunci, guduma ba ta shiga, na gwada duk dabarar da na sani ban kai wurin ba, kuma ina tsoron in tsaga shi. Yana nan gabana yanzu haka.

Ka tambayi Ustan naka da wane ƙarfe ake tayar da irin wannan daga ciki, ka zana mini siffarsa a takarda, ka ba Hajiya kafin ta taso.

Kada ka ce masa ni na tambaya.

Yayanka,
Maman